Cinikin Kudus: wa ya biya, wa ya karɓa?

 Wannan karon mu ɗan ajiye zancen farashin albasa da hawa da saukar dala, mu taɓa ƙwallo. Dalili kuwa, a watan Yulin 2025, daga Nima zuwa Maamobi har nan Sabon Zongo, babu wurin shan ataya ko bencin mai aski da za ka zauna ba ka ji sunan ɗanmu Mohammed Kudus ba. Yaron Nima ya bar West Ham ya koma Tottenham a kan kuɗin da aka ce ya kai fam miliyan 55, da yarjejeniyar shekara 6. In ka juya kuɗin zuwa namu a canjin lokacin, ya haura sidi miliyan 700. Zan kawo muku gardamar yadda ake yin ta, sannan in faɗi abin da idon ɗan kasuwa ya gani a ciki, don maganar ta shafi aljihunmu fiye da yadda muke zato.

Masu murna suna da hujjarsu. Sun ce Tottenham ta ci kofin Europa ranar 21 ga Mayun 2025 a Bilbao, ta doke Manchester United da ci ɗaya mai ban haushi, kofinta na farko tun 2008, kuma wannan nasarar ta ba ta kujera a Gasar Zakarun Turai. Ita kuwa West Ham ta ƙare ta 14 a Firimiya, ba ta samu gurbin wata gasar Turai ba. Ga shi cikin shekara biyu kacal Kudus ya yi aiki da masu horarwa uku a can: David Moyes da ya kawo shi, sai Julen Lopetegui, sai Graham Potter. A kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 14 a duk gasa, a ta biyu ya sauko zuwa 5. Su a ganinsu yaron bai lalace ba, gidan ne ya rikice, kuma haja in ta daɗe a shagon da ba a ciniki, ƙura take kwasa.

Masu ƙorafi kuma, waɗanda yawancinsu 'yan Arsenal ne da 'yan Chelsea da suka so a ce wajensu ya zo, sai su ce: wace Tottenham? Wadda ta ƙare ta 17, aka doke ta sau 22 cikin wasa 38? Sannan su tuna maka da watan Oktoban 2024, ranar da aka ba Kudus jan kati a filin Tottenham ɗin, bayan ya kai wa Micky van de Ven da Pape Matar Sarr hannu a fuska, har aka dakatar da shi wasa biyar. Sai ga shi ɗakin canza kaya ɗaya suka shiga. Wani dattijo a layinmu ya ce wannan ai ba abin mamaki ba ne, a kasuwar Nima ma waɗanda suka yi dambe ranar Laraba su ne ke haɗa kuɗin mota ranar Alhamis. Su ma 'yan West Ham na Landan abin ya yi musu ciwo, don tun Scott Parker a 2011 ba su sake sayar wa wannan maƙwabciyar tasu ɗan wasa ba.

Inda murya ta fi tashi shi ne kan koci. Kwana 16 bayan Ange Postecoglou ya ɗaga kofin nan, ranar 6 ga Yuni, aka sallame shi. Manyanmu suka ce butulci ne, mutum ya share maka hawayen shekara 17 ka nuna masa ƙofa. Ni dai a nan ban bi manya ba. Ka ɗauka kana da yaron shago, ya yi maka ciniki ɗaya mai kyau ana jajibirin Sallah, amma sauran watanni goma sha ɗaya littafi asara yake nunawa. Za ka gode masa, ka yi masa kyauta, amma makullin shago sai ka sake tunani. Wanda aka ɗauko a madadinsa, Thomas Frank ɗan ƙasar Denmak, ya riƙe Brentford tun 2018, ya hau da ita Firimiya a 2021 bayan ta shekara 74 ba ta taka babban rukuni ba. Brentford kuwa gidan saye da arha a sayar da tsada ne: Ollie Watkins da suka ɗauko ƙasa da fam miliyan 2 a 2017, sun sayar wa Aston Villa shi a 2020 a kan kusan miliyan 28. Masu shakka sun ce kafin zuwansa Tottenham Frank bai taɓa jan ƙungiya a Gasar Zakarun Turai ba, kuma riƙe tebur daban, riƙe babban kanti daban. Wannan ma gaskiya ce. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A gida ma irin gardamar ake yi. Hearts of Oak, wadda aka kafa tun 1911, wadda ta ci kofin zakarun Afirka a 2000, wadda Mohammed Polo namu na Nima ya yi wa wasan da har yau dattawa ke ba da labarinsa, ta naɗa Mas-Ud Didi Dramani a matsayin koci a watan Yunin 2025. Wasu magoya baya suna ta guna-guni wai mutumin Kotoko ne, tunda da shi Kotoko ta ci gasar ƙasa a 2013 da 2014. Ni kuwa na ce musu ku duba littafinku: Samuel Boadu ya ci muku gasa da kofin FA a 2021, ya sake cin kofin FA a 2022, aka sallame shi a watan Satumba na shekarar. Daga nan sai Slavko Matic, sai Martin Koopman, sai Aboubakar Ouattara, kofin gasa kuwa a 2025 Bibiani Gold Stars ce ta tafi da shi. Sallamar wanda ya yi asara abu ne, canza yaron shago kowace shekara kuma wani abu ne daban, don mai yin haka ba ya tara abokan ciniki. Abin da ya fi jan hankalina game da Dramani shi ne ya yi aiki a makarantar Right to Dream da kuma ƙungiyar Nordsjaelland ta Denmak, wato ainihin hanyar da Kudus ya bi. A kan hanyar nan nake so mu tsaya, don a nan maganar ta shigo gidajenmu.

Kudus ya fara ne a ƙungiyar yara ta Strong Tower a Nima. Yana ɗan shekara 12 makarantar Right to Dream ta ɗauke shi. Wani Bature, Tom Vernon, ya kafa ta a 1999, tana Akrade kusa da Akosombo, kuma yaran da ta zaɓa ba sa biyan kuɗin makaranta, ana koya musu boko tare da ƙwallo. A 2018, shekarar da ya cika 18, ya fara buga wa Nordsjaelland. A 2020 Ajax ta Holan ta saye shi yuro miliyan 9. A 2023 West Ham ta biya kusan fam miliyan 38. A 2025 kuma ga Tottenham. Ku lissafa da kyau: shekara 13 ke nan daga shigarsa makarantar zuwa wannan cinikin da muke ta ihu a kai. Ku kuma lura da inda kuɗin ke fitowa a kowane mataki. Mai saye ne ke biya. Ajax ta biya, West Ham ta biya, Tottenham ta biya. Haka kasuwar take, kamar kowace kasuwa. Ban taɓa ganin wanda ya kawo buhun albasa daga Galmi aka ce shi zai biya mai saye kafin a karɓi kayansa ba.

To amma duk sanda irin wannan ciniki ya faɗa kunnen jama'a, sai wasu dillalai su fito kamar shinge da ruwan farko. Za ka gan su bakin filin Kawukudi, inda yaran Nima da Maamobi ke buga ƙwallo, da kwat da waya biyu da hotunan da suka ɗauka da wasu Turawa. Sunan filin ma da Hausa ne, kawo kuɗi, kuma wallahi abin da suke zuwa faɗa ke nan. Za a ce maka ɗanka ya fi Kudus ƙafar hagu, akwai ƙungiya a Turkiyya ko Dubai ko Sabiya da ke jiransa gwaji, sai dai a kawo kuɗin fasfo da biza da tikiti da na rajista, kuma kafin Juma'a, don wai ana rufe kasuwar 'yan wasa.

Wani maƙwabcina a kasuwa, mai sayar da hatsi, haka aka yi masa shekarun baya. Ya cire jarin shagonsa, mai ɗakinsa ta ƙara da kuɗin adashinta, aka sa yaro a jirgi. Da ya sauka, dillali ya ajiye shi a wani masauki ya ce gobe zai zo ya kai shi fili. Goben ba ta zo ba har yau. Bizar ta 'yan yawon buɗe ido ce, ta ƙare, yaro ya shiga ɓuya yana wanke-wanke a gidan abinci, yana jin kunyar kiran gida. Sai da 'yan uwa suka yi karo-karo aka dawo da shi. Shagon bai sake komawa yadda yake ba, yaron kuma ya bar makaranta ana saura shekara guda ya gama sakandare. Uban ba wawa ba ne, mutum ne da ba ka isa ka cuce shi a mudu ba. Kasuwar ce bai sani ba, ya yi cinikin biri a sama.

Saboda haka ga abubuwan da ya kamata kowane uba da kowace uwa su riƙe. Na farko, dokar hukumar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don ƙungiya ta ɗauke shi, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka ƙaura can saboda wani dalili da ba ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 ya sa hannu a Turai, ka san da sake. Na biyu, tun 2023 FIFA ta dawo da lasisin dillalan 'yan wasa, sai mutum ya ci jarrabawa ake ba shi. Ka nemi ganin lasisin, ka sa wani ɗanka mai ilimi ya duba sunan a intanet, ko ku je ofishin hukumar ƙwallo ta Gana, GFA, ku tambaya. Na uku, ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke aiko da takardar gayyata da sunanta, kuma kuna iya kiran ofishinta ku tabbatar, ba ta lambar da dillali ya ba ku ba. Na huɗu, galibi Ingila ba ta ba ɗan wasan waje izinin aiki sai ya tara maki ta hanyar buga wa ƙasarsa ko wata gasa sananniya. Wanda ya ce daga Kawukudi kai tsaye sai Landan, tatsuniya yake ba ku. Na biyar, dillalin gaske la'adarsa yake jira bayan an yi ciniki, kamar dillalin shanu a Ashaiman. Wanda ya nemi nasa tun ba a ga mai saye ba, ku ne kasuwarsa.

Akwai kuma wani abu da masu ƙungiyoyin yara na unguwanninmu ya kamata su sani. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kashi 5 na fam miliyan 55 ya kai miliyan 2 da dubu 750. Amma rabon na waɗanda suke da rajista ne, waɗanda sunan yaro ke cikin takardunsu a hukumance. Mu da muka san ciwon bashin da ba a rubuta ba, bai kamata a tuna mana amfanin takarda ba. In ɗanka na buga ƙwallo, ka tambayi kocinsa ko ƙungiyar na da rajista da GFA, ko yaron na da kati.

Ban ce a hana yara ƙwallo ba. Ni ma ranar da Kudus ya zura wa Koriya ta Kudu biyu a Katar a 2022, sai da muryata ta dushe. A bar su su buga, a saya musu takalmi in da hali, amma boko da makarantar allo su tsaya a inda suke, tunda ita kanta makarantar da ta fitar da Kudus ba ta raba ƙwallo da aji ba. Hajiyoyinmu, ku ne aka fi bi ta wajenku, don an san zuciyar uwa. In yaro ya zo da labarin wani mai kai mutane waje, kada ku taɓa kuɗin adashi sai kun zauna da Alhaji da wani wanda ya san harkar.

Batun gardama kuwa, in kun tambaye ni, ina tare da masu cewa Kudus ya yi ciniki mai kyau.  'Yan Arsenal, ku yi haƙuri ku sayi jesin ɗan uwanku, ko da a ƙarƙashin riga za ku sa.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba mu kasuwa mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.