Lafiya Uwar Jiki: Haƙori ya daina ciwo, amma ya warke?

Yau maganar haƙori za mu yi, domin 'yan uwanmu da ke fatauci tsakanin Sokodé da Dapaong, har zuwa ƙauyuka irin su Nano, sukan daure wa ciwon na watanni saboda tsoron kuɗin asibiti.

Abin da ake cewa tsutsa, ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar sukari a baki, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke ƙwaƙule haƙori har ramin ya kai ga jijiya. Idan ciwo mai tsanani ya ɗauke da kansa, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, kuma mugunya na taruwa a gindin haƙorin. Shi ya sa bayan 'yan makonni sai kunci ya kumbura.

Kafin ka samu zuwa asibiti, ga abin da zai rage maka raɗaɗi. Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ka riƙa kurkure baki. Ka ɗora kanumfari a wurin, yana ɗan kashe zafi. Babba yana iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya biyu duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini. Mai gyambon ciki da mai juna biyu su guji ibuprofen sai da izinin likita. Duk wannan lallashi ne kawai, ramin yana nan.

Don Allah a daina ɗiga ruwan batir ko fetur a haƙori, a daina cusa garin taba ko asfirin a dasashi, ƙona nama suke yi. Kafso da tramol na masu talla a tasha ba sa toshe rami. Mai cire haƙori a bakin kasuwa kuwa, kayan aikin da ba a dafa ba suna iya sa maka ciwon hanta ko ƙanjamau.

Yanzu batun kuɗi. Ɗan kasuwa ya san buhu tun yana ƙaramar ɓula ake ɗinke shi. Ƙaramin rami cikewa ake yi a zama ɗaya. In ya kai jijiya, sai cirewa ko aiki mai tsada. In ya kumbura, ga kuɗin gado, ga rumfa a rufe. Ka nufi babban asibitin gwamnati na yanki, wato CHR, a Dapaong ko Sokodé, ka nemi sashen haƙori. Mutanen Nano, ku haɗa da ranar sarin kaya a Dapaong don kuɗin mota ya zama ɗaya. Ka tambayi farashin kowane aiki kafin a fara, ka faɗi abin da ke aljihunka ba kunya, a fara da mafi gaggawa. Togo ta soma inshorar lafiya ta AMU a Janairun 2024, mai kati ya tafi da shi ya tambayi abin da ta ɗauke masa. Marar kati ya nemi a ba shi kwasar adashi da wuri, ko ya kai kukansa ga shugabannin Zango.

Akwai alamomin da ba a kwana da su: kumburin da ya kai ido ko ƙarƙashin haɓa, zazzaɓi, kasa buɗe baki, wahalar haɗiya ko numfashi. Wannan yana iya kisa, musamman ga mai ciwon sukari. A tafi asibiti nan take, ko da rance ne.

Maigida, a rage sukari a shayi. Uwargida, a rage wa yara alewa, a goge baki safe da dare da man goge baki mai fuloraid, ga asuwaki a tsakani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.