Furojek ɗinku yana Bahindi, ba a shagon kwafi ba

1/ 'Yan ajin ƙarshe masu karanta ilimin halayyar ɗan Adam, musamman 'yan Bagudo da kewaye, wannan zaren naku ne. Don Allah ku daina sayen furojek.

2/ Duk shekara abu ɗaya: "Tasirin soshiyal midiya a kan karatun ɗalibai." A sauke daga intanet, a canza sunan makaranta, a buga takardar tambayoyi ɗari, rabi kai ne ka cike a ɗaki da biro kala uku. A zuba a SPSS, a ɗaure da baƙin bango. Haba jama'a!

3/ A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa sun nuna cewa kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake nazari a manyan mujallun fannin nan 'yan ƙasashen Yamma ne. Wato littafin da ka haddace bai san manomin Bahindi ba. Kai da ka san shi kuma, kana kwafar aikin wani.

4/ Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi. Wanda ya ci bashi ya yi noma, ruwa ya share, yaya barcinsa? Wa yake faɗa wa damuwarsa, liman ko matarsa ko ba kowa? Ga furojek nan.

5/ An rufe boda a Agusta 2019. Matasan da ke cin abinci a hanyar Lolo da Tsamiya zuwa Benin, me zaman banza ya yi wa tunaninsu? Ga kuma tiramol. Tambayi lebura me ya sa yake sha kafin ya shiga gona, ka saurara, ba wa'azi aka aike ka ba.

6/ Amma wanda ni na fi so shi ne na harshe. Akwai PHQ-9, tambayoyi 9 da ake auna ciwon damuwa da su. Ka zauna da tsohuwa a Bahindi ka karanta mata fassararsu, ka gani. Mu "damuwa" muke cewa ko an sace maka akuya. Mai ciwon kuma ba lallai ya ce yana baƙin ciki ba. Cewa zai yi ƙirjinsa ya yi nauyi, ko jiki ba ƙarfi, ko an yi masa sammu. Tattara kalmomin da mutane ke faɗa da Hausa, Dandanci da Fulatanci kaɗai ya isa aikin shekara.

7/ Za ku ce malami ba zai yarda ba, sai lissafi. To ka kai masa tsari a rubuce: mutum nawa, a ina, wace tambaya. Yawancinsu sun gaji da karanta abu ɗaya ne. Kuɗi? Gidanku za ka sauka, tuwo kyauta.

8/ Kuma ba sabon abu ba ne. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro, Abeokuta, tare da danginsu. Da kallon mutanensa ya yi suna a duniya.

9/ Sharaɗi dai: a nemi izinin mai gari da na wanda za a tambaya, ba suna, ba hoto a Facebook. In ka haɗu da wanda abin ya yi wa tsanani, kai ba likita ba ne. Ka haɗa danginsa da asibiti, akwai na ƙwaƙwalwa a Kware, Sakkwato.