Mario ya dawo, amma a kula da idon yara

Iyaye, da yawanku kun taso da Super Mario da Contra da Sonic, zamanin da sai an hura kaset kafin ya kama. Yau ga su ɗaruruwa a filasha guda, a zuba a kwamfuta, uba da 'ya'yansa su zauna. Ban ga laifinsu ba: ba sa cin data, ba kuma baƙon da zai yi wa yaro magana.

Sai dai a da, NEPA ce ke tashin mu. Laftof kuwa tana da batir. Yaro ya ƙura wa allo ido, ƙiftawa ta ragu, ido ya bushe ya yi ja, sai a garzaya kemis neman "maganin jan ido".

Ku duba kwalbar. In an rubuta dexamethasone ko betamethasone, kada ku ɗiga sai da umarnin likita. Jan zai wuce da wuri, amma yawan ɗigawa na iya jawo gulakoma, kuma ganin da ta cinye ba ya dawowa.

Duk minti 20, yaro ya kalli nesa na daƙiƙa 20. In jan ya haura kwana biyu, ko da ciwo ko kwantsa, ku kai shi Asibitin Ƙwararru da ke Jekadafari.