Takardar izinin gini: ina matsayin maginan Junju?

A shekarar 2011 ne gwamnati ta ɗaga Junju daga ƙarƙashin Gaya ta mai da ita gunduma mai cin gashin kanta cikin jahar Doso, da kananan hukumomi uku: Junju, Karakara da Zabori. Sabuwar gunduma kuwa gini take so: azuzuwan lakwal, ɗakunan shan magani, ofisoshi. Gobarar azuzuwan zana ta 2021, wadda ta halaka yara a Yamai cikin watan Afrilu, kuma a Maraɗi cikin watan Nuwamba, ta ƙara nuna ma kowa cewa ajin siminti ba ƙawa ba ne.

To, wa ke da ikon ɗaukar aikin? Doka ba ta yarda a ba kowa kwangilar ginin gwamnati ba sai wanda ke riƙe da takardar izini ta minista, wadda ake ce ma «agrément» da Faransanci. Aji-aji ce, gwargwadon ƙarfin ɗan kwangila, da kayan aikinsa, da gwanayen da ke ƙarƙashinsa. Bayan ita sai rajistar kasuwanci, da lambar lanho, da shaidar ya biya lanhon, da ta asusun ma'aikata na CNSS. Wannan sharaɗi daidai ne, domin ba a jingina ran yara hamsin ga mutumen da ba a san inda za a same shi ba in rufi ya tsage.

Amma mu duba yadda abin yake kasancewa a ƙauye. Maginin Junju, wanda wataƙila ya koyi sana'arsa a Gaya ko a Kamba, ƙetaren iyakar Najeriya, ya san ƙasar Dallol Mawri, ya san inda ruwa ke kwanciya da damina. Takarda ce ba ya da ita, kuma neman ta sai da tafiye-tafiye da kuɗin mota. Sai mai takarda ya zo daga birni ya ci kwangila, ya cire ribarsa, ya sallama ma wannan magini aikin a kan ragowar kuɗi. Inda kuɗi suka gaza, buhun siminti ne ke biya: a ƙara yashi, a buga bulo fiye da ƙima, a rage ƙarfe. Akwai ma masu aron takardar wani, abin da doka ta hana. In bango ya faɗi, maginin ake zagi a kasuwa, mai takarda yana Yamai.

Saboda haka magina masu karatu, su haɗa kai su yi ƙungiya mai rajista, su nemi izinin ƙaramin aji da sunanta. Yaƙi da jahilci ya riga ya ba da yawansu ikon karanta yarjejeniya kafin sa hannu. Su kuma magadan gari da ma'aikatan da ke karɓar gini, kada su tsaya ga hatimi. Su je wurin aiki ranar da ake zuba tushe, su ƙirga buhunan siminti, su tambayi mai cokali a hannu wa ya ɗauke shi, kuma nawa aka yi masa alkawari.