An kawo majiyyaci, amma wace allura aka yi masa a hanya?

Daga masana'antun Bompai zuwa Asibitin Murtala ba wata doguwar tafiya ba ce, sai dai ma'aikacin da inji ya ji wa rauni ba kasafai yake isa can kai tsaye ba. Mai ba da taimakon farko a kamfani zai ɗaure raunin ya yi masa allurar kashe zafi. Ƙila a tsaya a ƙaramin asibiti na kusa a ƙara wata, a sa masa ruwa. Sannan mota ta kai shi sashen gaggawa, inda za a iya cewa a wuce da shi Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Kowane zango an zuba wani abu a jikinsa, amma bayanin da ke isowa tare da shi sau da yawa bai wuce "an yi masa allura" ba.

A wurin mai harhaɗa magunguna wannan jimla ba ta da amfani. Wace allura, nawa, da ƙarfe nawa? Idan diclofenac ce, ƙara wata irinta ga mutumin da ya zubar da jini na iya taɓa masa ƙoda. Idan pentazocine ce ko tramadol, kuma aka ɗora masa diazepam ba da sanin na farko ba, numfashinsa na iya yin ƙasa. Maganin tsayar da jini da ake kira tranexamic acid yana amfani ne idan an ba da shi cikin awa 3 da samun rauni, don haka lokacin da haɗarin ya auku shi kansa bayani ne na magani. Mai juna biyu da jijjiga ta kama kuwa, idan an fara mata magnesium sulphate kafin a turo ta, maimaita wannan awo na farko yana iya zama guba, ƙin bayarwa kuma yana iya barin jijjigar ta dawo. Likita yana tsakanin biyun, ba shi da abin dogaro sai zato.

Mafitar da ake yawan ambata ita ce na'ura: ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya ya shigar da komai a waya ko ƙaramar kwamfuta, bayanin ya riga majiyyaci isa asibiti. Ina goyon bayan haka, kuma ƙasar nan ta kama hanya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai neman agajin gaggawa, an kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko don irin wannan jinya. A 2022 aka fara gwajin shirin NEMSAS na motocin gaggawa a Abuja. Amma doka da mota ba su isar da saƙo. Idan manhajar hukumar kiyaye haɗurra daban, ta asibitin jiha daban, ta asibitin tarayya daban, kuma ba su karanta ta juna, to bayanin yana nan a kulle kamar ba a rubuta ba. Ga matsalar wuta da intanet, ga kuma gaskiyar da kowa ya sani, cewa yawancin masu rauni a Kano a daidaita sahu ko motar maƙwabci ke kawo su.

Saboda haka ra'ayina shi ne a fara daidaita abin da za a rubuta kafin a sayi na'urar da za a rubuta shi a ciki. Takarda ɗaya, iri ɗaya a kowace mota da kowane ɗakin shan magani na kamfani a Bompai da Sharaɗa da Challawa, mai ɗauke da lokacin haɗari, sunan kowane magani da awonsa da lokacinsa, abin da jikin mutum ba ya so, da sa hannun wanda ya miƙa da wanda ya karɓa. Ranar da na'ura ta zo, wannan takardar za ta kwafa. Turo hoton fayil ta WhatsApp da wasu ke yi yana ceton lokaci, amma sirrin majiyyaci ne ke kwana a wayar mutane, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a da ta shafi haka.

Kafin hukumomi su shirya, ɗan uwan da ya biyo majiyyaci shi ne ma'ajiyar bayani. Duk inda aka yi allura, ka nemi a rubuta maka sunanta da lokacinta, ko ka ɗauki hoton kwalbar; wannan haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba. Ka zo da magungunan da yake sha a gida cikin kwalayensu, har da na gargajiya, musamman na ciwon suga da na hawan jini da na tsinka jini. Idan Septrin ko Fansidar sun taɓa fito masa da ƙuraje, ka faɗa tun ba a tambaye ka ba. Wanda sinadari ya zubo wa ko ya shaƙa a wurin aiki, kamar a majemun Challawa, a taho da hoton rubutun da ke jikin durom ɗin, kuma kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai.

Mai ciwon sikila ko suga ko farfaɗiya ya rubuta sunan ciwonsa da magungunansa da lambar wayar wani nasa a ɗan kati, ya haɗa shi da katin shaidar aiki a aljihun gaba, domin nan ake fara dubawa idan mutum ya kasa magana.