SHARHI: Ƙarin kashi 10 da zaman dole na shekara biyu: Me zai riƙe ma'aikatan jinya a Tambuwal da Kebbe?

A garin Tambuwal, a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, akwai kwalejin koyon aikin jinya ta gwamnatin jiha. Matasa na rububin neman gurbi a irin waɗannan makarantu, domin a wannan zamani na tsadar rayuwa takardar jinya na cikin 'yan takardun da ake ganin har yanzu suna ciyar da mai su. Amma a maƙwabciyarta Kebbe, wadda suke mazaɓar tarayya ɗaya, tambayar mace mai ciki tana nan inda take: idan naƙuda ta taso da tsakar dare, wa za ta tarar a asibiti?

Tambayar na da nauyi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa ko haihuwa ɗaya cikin goma ba a yi a asibiti a Jihar Sakkwato. A 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanya jihar a kan gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, inda ya shafi kusan mutum tara cikin goma. Mai irin wannan hali ba ya da kuɗin ɗaukar shatar mota zuwa birni. Asibitin da ke kusa da shi ne gatansa, shi kuwa asibiti ba ya amsa sunansa sai da ma'aikaci a ciki.

Matakin gwamnati

A 2025 gwamnatin Ahmed Aliyu ta sanar da cewa likitoci, ma'aikatan jinya, masu harhaɗa magunguna da sauran jami'an lafiya da jihar ta ɗauki nauyin karatunsu za su yi aikin shekara biyu na dole a karkara, tare da ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan albashinsu. Dalilin da aka bayar a fili yake: ma'aikata sun taru a cikin birnin Sakkwato, an bar sauran ƙananan hukumomin jihar da ƙarancin hannu.

Wanda ya sanar da tsarin shi ne kwamishinan lafiya, Dakta Faruk Umar Abubakar, kuma ma'aikatan jinya sun san sunan. Shi ne magatakardar hukumar NMCN mai kula da aikin jinya da ungozoma a Najeriya a watan Fabrairun 2024, lokacin da ta fitar da sabuwar ƙa'ida cewa sai nas ta yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin a tantance mata takardun da za ta nemi aiki da su a ƙasar waje. Ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga a Legas da Abuja. A lokacin ne ya bayyana cewa kimanin 42,000 daga cikinsu sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai.

Tunani ɗaya ne a wurare biyu: wanda al'umma ta horar, al'umma na bin sa bashi. Akwai gaskiya a ciki. Da harajin manomin Kuchi da na ɗan kasuwar Dogon Daji aka biya kuɗin karatun, don haka suna da haƙƙin ganin amfaninsa. Sai dai tilas, wadda Bahaushe ya ce ba ta rasa ɗakin kwana, shekara biyu kawai aka ba ta. Abin dubawa shi ne abin da zai faru a wata na ashirin da biyar.

Kashi 10 na nawa?

Darajar ƙarin albashi tana ga abin da zai saya. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai ga haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Dalar da hukuma ke canzawa a wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024.

A ɗauki misali da nas mai albashin naira 150,000. Ƙarinta 15,000 ne a wata, wato kuɗin lita goma sha biyar na fetur idan lita na naira 1,000. Idan mijinta da 'ya'yanta na cikin birni, tafiyar kusan kilomita ɗari zuwa Tambuwal da dawowa kowane ƙarshen mako za ta lashe ƙarin tun wata bai raba ba. Wadda aka tura ƙauyukan Kebbe sai ta ƙara da kuɗin kabu-kabu. Ga tukunya biyu da za ta riƙa ɗorawa, ɗaya a gida, ɗaya a wurin aiki.

Akwai wata matsalar a cikin lissafin kashi. Mai babban albashi ne ke kwasar babban ƙari, alhali ƙaramar ma'aikaciya ce ke kwana a ɗakin haihuwa. Haka nan kashi 10 bai bambance wadda aka ajiye a babban asibitin Tambuwal, a bakin kwalta, da wadda aka kai wani ƙauye a Kebbe kusa da iyakar Zamfara ba, yankin da ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga. Idan lada ɗaya ne, kowa zai nemi wanda zai yi masa hanya a bar shi kusa da titi, wuraren da suka fi buƙata kuma su ci gaba da zama wayam.

Darasin 2009

An taɓa gwada makamancin wannan. A 2009 hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, da kuɗin da aka samu daga yafe wa Najeriya bashi. An tsara gwamnatin tarayya ta biya kowace ungozoma naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ba da 10,000 da masauki. A jihohi da dama kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa zuwa a kan kari ba, masaukin ma ya gagara, ungozomomi da yawa suka tattara nasu ya nasu, musamman a Arewa. Tsarin ya yi kyau a takarda. Rashin cika alkawari ne ya kayar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2010 ta kuma sabunta a 2021, ta ce kuɗi kaɗai ba sa riƙe ma'aikaci a karkara, sai an haɗa da muhalli, kayan aiki, tsaro da damar ƙarin karatu. Ta kuma ba da ƙarfi ga ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkarar, domin su suka fi zama. Shirin Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya bi wannan hanya a jihohi irin su Zamfara, Katsina da Jigawa, inda aka riƙa zaɓo 'yan mata daga ƙauyuka ana ba su karatun share fage kafin su shiga makarantun jinya da ungozoma. Yarinyar da ta tashi a Kebbe ba ta buƙatar a nema mata ɗaki a Kebbe, iyayenta ko mijinta kuma ba za su ce an kai ta uwa duniya ba.

Ina aikin yake?

Ga ɗalibin da ke kwalejin Tambuwal a yau, ƙofofi na ƙara tsukewa. Faɗuwar naira ta sa albashin ƙasar waje ya ƙara kwarjini, amma ta ninka kuɗin jarrabawar Turanci, ta lasisi, biza da tikitin jirgi, waɗanda duk farashinsu ke bin kuɗin waje. A Yulin 2025 Birtaniya ta daina ɗauko masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙetare, hanyar da 'yan Najeriya da dama suka bi. Janye tallafin Amurka tun Janairun 2025 ya rage guraben ƙungiyoyin agaji. A ɗaya gefen, gwamnatin tarayya ta ce ta faɗaɗa guraben shiga makarantun kiwon lafiya daga 28,000 zuwa 64,000.

Masu kammalawa za su ƙaru ke nan, ba tare da tabbacin guraben aiki za su ƙaru daidai da su ba. Shi ya sa ɗaukar ma'aikata da yawa ya shiga jerin buƙatun ƙungiyar ma'aikatan jinya ta NANNM a yajin aikin gargaɗi da ta fara a asibitocin tarayya a ƙarshen Yulin 2025. Ƙasar da asibitocinta ke kukan rashin nas ita ce kuma ke da masu lasisi da ke aikin sa kai ko karɓar abin da bai taka kara ya karya ba a asibitoci masu zaman kansu.

Wannan yanayi dama ce ga Sakkwato, domin samun mai karɓar aiki a yanzu ya fi sauƙi. Haɗarin shi ne gwamnati ta ɗauki rashin zaɓi a matsayin gamsuwa. Wanda yunwa ta zaunar, ranar da ya samu hanya ba zai yi sallama ba.

Abin da ya kamata a sa wa ido

Matasan Tambuwal da Kebbe na da wakilai a majalisar dokokin jiha, suna da Abdussamad Dasuki a Majalisar Wakilai da Aminu Waziri Tambuwal a Majalisar Dattawa, ga kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Tambayoyin da za su yi ba su da wuya. Nas da ungozoma nawa aka tura kowace cibiyar lafiya, nawa ne kuma ke kwana a can? Shin ƙarin na shiga tare da albashi kowane wata? Cibiyoyi nawa ke da gidan ma'aikata mai ruwa, wuta da katanga? Ɗalibai nawa 'yan Kebbe ke kwalejin Tambuwal, kuma an yi musu tanadin aiki?

Gyaran ma a bayyane yake: a mayar da ƙarin tsayayyen kuɗi mai hawa-hawa gwargwadon nisa da haɗarin wuri, a riƙa sabunta shi da tafiyar farashi, a rubuta wa kowa ranar da wa'adinsa zai cika a kuma mutunta ta, sannan wanda ya zaɓi ya zarce a ba shi fifiko wajen ƙarin girma da karatu. Rukunin farko na waɗanda aka tura za su cika shekara biyunsu a wajen 2027, shekarar zaɓe. Yawan waɗanda za su ce a bar su a Kebbe don raɗin kansu shi ne sakamakon da matan yankin za su gani a ɗakin haihuwa.