Filin Kimiyya da Fasaha: Lambar Maɓalli Daban, Harafi Daban

Jama'a masu karatu, yau za mu duba wani tarko da ke kama masu koyon tsara manhajar kwamfuta, watau ɗaukar lambar maɓalli a matsayin harafi.

Idan mutum ya danna maɓalli a kan kibod, kwamfuta ba ta karɓi harafi ba tukuna. Abin da ya iso mata lamba ce mai nuna gurbin maɓallin kawai. A tsarin Windows, gurbin da harafin A yake a kibod irin na Amurka lambarsa 30. Sa'an nan babbar manhaja ta mai da wannan zuwa wata lamba ta biyu, watau 65, ta miƙa wa manhajar da ake aiki da ita.

To, ga inda ruɗanin yake. A ƙa'idar ASCII, wadda aka fara fitarwa a 1963, lambar babban A ita ma 65 ce. Sai ɗalibi ya ga abin ya dace, ya ɗauka ko'ina haka ne. Alhali kuwa maɓallin 1 na rukunin lambobi da ke hannun dama yana aiko da 97, kuma 97 a ASCII ƙaramin a ne. Mai shago ya buga kuɗin kaya, manhaja ta rubuta masa haruffa.

Ban da wannan, harafin da zai fito ya danganta da ko an riƙe Shift, ko an kunna Caps Lock, da kuma tsarin kibod na ƙasar. A Faransa, gurbin nan mai lamba 30 harafin Q yake bayarwa. A Jamus kuwa Y da Z sun yi musayar wuri.

Mu masu rubutun Hausa abin ya fi shafarmu. A ƙa'idar Unicode, lambar ƙ 409 ce, ta ɓ 595, ta ɗ kuma 599, alhali lambobin maɓallai na Windows ba su wuce 255 ba. Saboda haka duk manhajar da ke ƙago harafi daga lambar maɓalli ba za ta taɓa rubuta ƙasa ko ɗaki daidai ba, sai kasa da daki.

Maganin abin shi ne a bar wa babbar manhaja aikin fassara. A Windows a jira saƙon WM_CHAR, wanda ke zuwa da harafin a shirye. A harshen Java a yi amfani da getKeyChar maimakon getKeyCode. Lambar maɓalli kuwa a ajiye ta don maɓallan da ba su da harafi, kamar kibiyoyi da F1.

Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.